Ranar da Muka Share Majema

Kai Nasiru, ajiye wayar nan ka miƙo mini fatar da ke hannunka. Duba nan wajen wuya. Ka ga inda ta yi shara-shara har rana tana ratsawa? Nan ka danna ƙarfe ya wuce nama ya ci fata. Baduku zai ɗaga ta sau ɗaya ya mayar maka, ba zai zage ka ba, amma ba zai sake dawowa ba. Jiya ina jin ku a gindin bango kuna cewa jima ai wanki ce, a jiƙa, a kankare, a shanya. Na yi shiru ne don bakina da goro. Yau babu goro, sai ku zauna.

Ni da kuke kira Baba Isufu ban gaji jima ba. Manoma ne mu a wani ƙauye gefen garin Dogo. Shekarar da gero ya ƙi, ubana ya kawo ni Damagaram ya damƙa ni ga Baba Kalla, shugaban masu jima a wata 'yar majema da ke yamma da gari, bayan duwatsu, kusa da hanyar Takieta. Ba wannan da kuke zaune a cikinta ba, waccan ta dā. Akwai tafki a gefenta wanda ba ya ƙafewa sai can ƙarshen bazara, akwai itatuwan bagaruwa, akwai kwatarni manya da aka binne a ƙasa har wuya, kowace da mai ita. Ta Baba Kalla, kakansa ne ya binne ta. Ba mu da takarda, ba mu da shinge. Kowa a gari ya san wurin namu ne, wanda bai sani ba kuwa hancinsa zai gaya masa.

Aikin farko da ya ba ni, tara kashin tattabara. Gida-gida nake bi a unguwar Birni da buhu a kafaɗa, ina sallama, mata suna dariya daga cikin gida. Na yi watanni ban taɓa fata ba. Da na yi ƙorafi, sai ya ɗauko fata biyu ya ɗora mini a gwiwa, ɗaya ta kwana a ruwan kashin, ɗaya ba ta kwana ba, ya ce in murza. Ta farko ta bi hannuna kamar tsumma, ta biyu ta tsaya ƙiƙam kamar faifai. Washegari na fita da buhuna tun kafin ya aike ni.

Fatar akuya ta farko da ya bari na bi tun daga mahauta har shanya, ina tuna ta, baƙa ce mai farin tabo a gadon baya. Na wanke jini da gishiri a bakin tafki, na tsoma ta a ruwan toka da kanwa. A nan ne mai gaggawa yake faɗuwa. Ka cire da wuri, gashi ya ƙi fita. Ka manta da ita, kanwa ta cinye maka fuskar fata, ta zama abin ɗaure kaya. Baba Kalla ba ya duba rana, ba ya lissafin kwana. Yatsa yake sa wa a gindin wutsiya ya tura gashin, in ya zame ba gardama to ta yi. Daga nan sai gungume da kartaji, wannan ƙarfen mai mariƙi biyu da kuke ja kamar kuna fushi da shi. Ba ƙarfi yake so ba. Ku saurara, yana da ƙara iri ɗaya in yana kan nama, yana da wata in ya taɓa fata. Ranar da kunnena ya fara rarrabewa, Baba Kalla yana can nesa ya ba ni baya, sai ya ce, "Yawwa." Ban san yadda ya ji ba, amma ranar na ci tuwo da yawa.

Bagaruwa ita ce uwar aikin, ita ke mayar da fata abin da ba ya ruɓewa. Mu ba ma daka ta, mata ne ke daka mana, babbarsu Iya Gambo, bazawara mai bakin da ya fi taɓaryarta nauyi. In ta ga na zuba garin ya yi yawa a kwatarniya sai ta ce in koma gona, wai kunun bagaruwa nake dama wa akuya. Da wannan dakan ta ciyar da 'ya'yanta, da shi ta sa ɗanta Mutari a lakwal, makarantar boko, har ya gama ya sami aiki a biro, ofishin gwamnati. Bayan bagaruwa sai man gyaɗa, a shafa, a naɗe, a buga a kan dutse, a ja, a sake bugawa har kafaɗa ta yi tsami. Sannan rini, ja da karan dafi, rawaya da gangamau. Jan Baba Kalla daban ne, ba ya ihu, yana da zurfi kamar cikakken dabino.

Masu saye kuwa iri-iri. Malam Lawali baduku daga Birni yake zuwa, ya ɗauki fata ya shinshina, ya naɗe ta a dunƙule ya sake, in ta bar layi ya ajiye. Ciniki da shi sai ka shirya wuni, amma bai taɓa raina aikin kirki ba. Makiyaya suna zuwa neman salka da guga, su ba ruwansu da launi, kada dai ta ɗiga. Bayan Layya kuma gari kaf yake kwararowa da fatun raguna, kowane maigida yana so a jeme masa da gashinta ya riƙa salla a kai. Suna miƙo fatar da hannu ɗaya, ɗayan yana kan hanci.

Warin nan, ku da kuka tashi a cikinsa kun daina ji, amma akwai shi. Baba Kalla bai taɓa jin kunyar sana'arsa ba, sai dai yana da wata al'ada da ya tarar a wurin ubansa. In za a wuce da gawa zuwa maƙabarta, ko ranar Salla, ko in wani babban baƙo zai bi hanyar, sai a dakatar da aiki a rufe kwatarni da zana. Yakan ce warin namu ne, mu muka zaɓe shi, mu muke cin abinci da shi, bai kamata mu ɗora wa mai wucewa ba. Mutum ne mai tsananin ladabi. Ko mahaucin da ya kawo masa fata mai huda sai ya raka shi har bakin hanya.

To, shekarar da nake so in ba ku labari, gemuna ya riga ya fara fari, ina da kwatarni nawa da iyali a unguwar Kara-Kara. Sai labari ya cika gari cewa wani babban kamfani daga waje yana neman wurin da zai kafa izin, masana'antar gyara fatu da injuna. Wai garuruwa biyu yake dubawa, namu da wani. Manyan gari suka tashi haiƙan kada a kai shi can. A rediyo kullum maganar ke nan, za a sami aiki, za a sami hanya, matasa za su daina tafiya ci-rani. Aka ce an yi wa kamfanin alkawarin fili kyauta, da ruwan famfo har ƙofa, da yafe haraji na shekaru. Aka share tituna, aka shafa wa duwatsun bakin kwalta farar ƙasa, aka kori masu tebur daga gefen hanya. Mu ma mun yi murna, kada in yi muku ƙarya. Baba Kalla ya fi kowa, yana cewa masu fata ne kamarmu, baƙin sana'a ne, in sun zo za a san darajar abin da muke yi.

Mutari ɗan Iya Gambo ne ya kawo saƙon. Lokacin yana biron da ke kula da filaye, ƙaramin ma'aikaci ne, aike ake yi da shi. Ya zo da babur, ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban Baba Kalla kamar yadda ya saba tun yana rarrafe a wurin. Ya ce baƙin za su zaga gari ranar Alhamis, wataƙila su biyo ta wajenmu, an ce a roƙe mu mu gyara wuri kada gari ya ji kunya. Baba Kalla ya ce ai ko ba a roƙa ba. Har yau ban sani ba ko wanda ya aiko Mutari ya san abin da yake yi. Shi dai yaron bai sani ba, wannan zan iya dafa Alƙur'ani a kai.

Gyaran wurin nan, ban taɓa yin aiki mai wuyarsa ba. Baba Kalla ya ce zana kaɗai ba za ta riƙe warin ba, waɗannan mutane ne masu fararen riguna. Fatun da ke cikin toka muka gaggauta da su, waɗanda ba su kai ba muka kwashe a buhuna zuwa gidajenmu, matata ta yi kwanaki ba ta yi mini magana mai daɗi ba. Muka kwashe ruwan kwatarni da guga muka kai can bayan dutse. Muka rufe bakin kowace da zana, muka zuba yashi a kai, muka baje. Gumagumai muka ja su cikin duwatsu, igiyoyin shanya muka kwance, turakun muka tumɓuke. Tarin gashi da ya shekara a wurin muka haƙa rami muka binne. Iya Gambo da matanta suka mirgina turamensu gida, suka dawo da tsintsiya suka share filin tas, har sawun ƙafa ba su bari ba. Da yammacin Laraba ta kawo kaskon turaren wuta ta zaga da shi. Muka tsaya muna kallo. Wallahi wurin ya yi kyau, kamar filin idi. Baba Kalla ya sa hannu a ƙugu yana murmushi, ya ce ko kakansa bai taɓa ganin majema haka ba.

Ya kuma ware fata ɗaya ta kyauta, jar akuya ba tabo ba huda, wadda ya jeme da hannunsa. Ya sa Malam Lawali ya yanke mata gefe ya daidaita, aka naɗe ta a farin ƙyalle.

Ranar Alhamis duk muka yi wanka da sabulu har fata ta yi zafi, muka sa rigunan Juma'a. An ce jama'a su fito bakin kwalta tarbar baƙi, to mu ma jama'a ne, muka tafi gaba ɗaya, ba mu bar ko mutum ɗaya a majema ba. Muna tsaye a rana tare da 'yan lakwal da makaɗa, motoci suka zo a jere, gilasai a rufe. Muka ɗaga hannu, muka tafa. Baba Kalla ya matsa da ƙyallensa, wani mai tsaron hanya ya karɓa ya ce zai isar. Can muka hango motocin sun sauka daga kwalta sun nufi bayan duwatsu. Baba Kalla ya kama hannuna ya matse, ya ce, "Isufu, wajenmu suka nufa. Alhamdu lillahi da muka share."

Sun tsaya a can ɗan lokaci, sun ɗauki hotuna, sun tafi. Mu kuma muka koma washegari muka tone yashi, muka mayar da ruwa, aiki ya ci gaba. Da aka yi shelar cewa kamfanin ya zaɓi garinmu, har sadakar ƙosai muka yi.

Ba a jima ba sai ga jometir, masu awon fili, da igiyarsu da abin leƙensu mai ƙafa uku. Suka dasa borni, waɗannan guntayen siminti na iyaka, ɗaya a bakin tafki, ɗaya a gindin bagaruwa, ɗaya daf da kwatarniyar Baba Kalla. Babbansu ya toshe hanci ya tambaye mu yaushe muka zo nan. Na ce masa ya tambayi dutsen can. Ya ce shi dai abin da aka ba shi, fili ne babu kowa.

Muka ɗunguma zuwa biro. Aka karɓe mu da mutunci, aka ba mu benci, aka nuna mana hotunan ranar Alhamis. Fili fetal, yashi a share, tafki yana ƙyalli, ko kaza babu. Akwai wani mutum mai 'yar gonar gero a gefe, shi ranar yana cikin gonarsa yana sassabe, an rubuta shi, an biya shi diyya. Mu kuwa aka ce ba a same mu ba. Baba Kalla ya yi bayani a hankali, ya ce mu ne muka share, don baƙi. Mai biron ya ce ya fahimta, amma yarjejeniya ta riga ta tafi waje, kuma a cikinta an ce filin ba mai amfani da shi. Ya tambaya ko muna da takarda. Baba Kalla ya ce da baki aka ba kakansa, a gaban mutane. Aka tambaya ina mutanen. Ni a nan raina ya ɓaci na fara ɗaga murya, Baba Kalla ya taka mini ƙafa.

Wannan ita ce mummunar shekarar. Katanga ta tashi, ta haɗiye majema da tafki da bagaruwa. Kwatarni ƙalilan muka iya tonowa da rai, sauran suka fashe ko aka bi ta kansu. Muka koma jima a bayan gidajenmu a Kara-Kara, cikin rabin tano, gangar ƙarfe da aka raba biyu, maƙwabta suna ƙorafi, kuma da gaskiyarsu. Ruwa sai na saye, bido-bido, wato jarka-jarka, ga jima kuwa ruwa take sha kamar raƙumi. Bututun da aka ja wa kamfanin ta bakin unguwa ya bi, ƙato, matanmu suna tsallake shi da bido a ka suna tafiya neman ruwa. Sannan wakilan kamfanin suka shiga mahauta suka kama fatu tun akuya tana da rai, sai wadda suka ƙi take isowa gare mu. Na tuna wata fata da na jeme wa Malam Lawali da ruwan da na riga na yi amfani da shi har sau uku. Ya shinshina, ya naɗe, ya sake. Ya biya ni, amma na ga ya sa ta a ƙasan jaka, ba a sama ba. Ranar na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Ba zan ce kamfanin bai kawo komai ba. An yi kwalta har ƙofarsa, an sa fitilu, wasu yaran gari sun sami aiki, biyu daga cikinmu an ɗauke su gadi. Injin kuma yana fitar da fata sumul, na gani da idona, ba zan kushe ta ba. Amma waɗanda suka rasa sun fi waɗanda suka samu, kuma ba wanda ya zo ya ƙirga su. Matan daka suka watse, wasu suka koma fasa dutse. Abokan aikina suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, wani Agadas, wani Kano.

Iya Gambo ta daina yi wa Mutari magana. In ya shigo gida ta juya baya, in ya kawo cefane ta bar shi a ƙofa. Yaron ya rame. Baba Kalla ne ya je har ɗakinta, ya zauna a bakin ƙofa ya ce mata yaro aike aka yi da shi, kuma ko bai zo ba da mun share, ai haka muka tarar ana yi. Ya ce in tana neman wanda za ta yi fushi da shi to ga shi zaune. Ta zage shi tas, ta ce tsohon banza mai ladabin da ya kashe mu. Sannan ta fashe da kuka, shi kuma yana ta ba ta haƙuri kamar shi ne bai rasa komai ba. Da yamma ta ci abincin da ɗanta ya kawo.

Shi Baba Kalla bai sake jima ba, ya ce hannunsa bai saba da tano ba. Abin da ya mayar sana'a shi ne zuwa biro. Kowane mako sai ya sa rigar Juma'a ya je ya zauna a benci. Ba ya faɗa, ba ya roƙo. In an tambaye shi me yake so, sai ya ce a gyara magana ɗaya. Ba ya neman a rushe katanga, ya san ba za a rushe ba. Yana so dai a rubuta cewa akwai mutane a wurin. Wani lokaci nakan raka shi, ina jin haushinsa ina jin tausayinsa. Na ce masa Baba, ko sun rubuta me zai ƙara mana? Ya ce shi bai san me zai ƙara ba, amma ba zai iya kwanciya a kabari ana cewa ubansa da kakansa ba su taɓa zama a wurin ba.

Zaman nasa ya fara damun mutane. Labari ya kai kunnen waɗanda suka ba kamfanin kuɗi a waje, su kuma ashe suna da doka, ba sa sa hannu a wurin da aka tashi mutane ba a biya su ba. Suka ce za su aiko wakili ya ji. Hankalin manya ya tashi, don an ce in magana ta tabbata kamfanin zai iya dakatar da ginin kashi na biyu ya kai wancan garin. Sai Mutari ya sake zuwa, wannan karon a ƙasa, ba babur, idonsa a ƙasa. Ya ce an ba shi saƙo, amma ya roƙi Baba ya yafe masa kafin ya faɗa. Za a ba masu jima sabon fili a hanyar Dogo, da takarda, da rijiya, a matsayin taimako daga gari, ba diyya ba. Sharaɗi ɗaya ne. In wakilin ya zo, shugaban masu jima zai tsaya a gabansa ya amsa tambaya ɗaya, ko akwai kowa a filin ranar da aka zo dubawa.

Muka taru a zauren Baba Kalla, mu da muka rage. Wasu suka ce a ƙi, a faɗi komai, wataƙila a sami diyya ta gaske. Mutari ya ce wataƙila, amma shari'ar za ta ɗauki shekaru, kuma in kamfanin ya tafi, gari kaf zai ce masu jima ne suka kori arziki, ba mai sake ba mu ko taku ɗaya na ƙasa. Ba wanda ya iya duban tsohon ya ce masa je ka faɗa. Shi ne ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowa fata nawa ya jeme a watan, da ko 'ya'yansa suna koyo. Amsoshin ba daɗin ji. Wani ya ce ɗansa ya riga ya sayi tikitin mota. Baba Kalla ya daɗe yana murza gefen tabarma, sannan ya tambayi Mutari ko rijiyar da aka ce tana da ruwa har bazara. Mutari ya ce zai tsaya a kai da kansa. Tsohon ya ce to, Allah ya kai mu.

Ni na raka shi. Ɗaki ne mai sanyi, ga wakilin, ga tafinta, ga manya a jere. Aka ba Baba Kalla kujera, ya zauna a bakinta kamar mai jiran a tashe shi. Wakilin mutum ne mai fara'a, ya gaishe shi ta bakin tafinta, ya ce kada ya ji tsoron kowa. Sannan ya yi tambayar, kamar yadda aka tsara ta: ranar da aka zo duba filin, akwai kowa a wurin?

Na zuba wa Baba Kalla ido. Tsawon zamana da shi ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ranar ma bai yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya ɗaga kai ya ce, "Babu kowa."

Wakilin ya ɗan jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Aka rubuta, aka yi masa godiya, wani babba ya tashi ya ba shi hannu. Wannan filin da kuke zaune a kai, da rijiyar da kuke ɗibar ruwa kuna zubarwa kamar ba gobe, da waɗannan kalmomi biyu aka saye su.

Da muka fito na tsayar da mai babur, ya ce a'a, a ƙasa za mu tafi. Rana tana tsaka, ga shi ƙafarsa ba ƙarfi. Na riƙe masa gwiwar hannu muka kama hanya. Muka yi nisa muna tafiya. Sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa, na ɗauka tasbihi ne. Da na matso da kunne sai na ji sunaye.

"Akwai kakana Mamman, shi ya binne kwatarniya ta farko. Akwai ubana. Akwai ƙanensa Habu mai ido ɗaya. Akwai Sanda Babarbare da ya zo kwana biyu ya mutu a wurin da furfura."

Haka ya riƙa jero su, matattu da rayayyu, masu jima da masu ɗibar ruwa da matan daka, wasu na sani, wasu sun rasu tun ba a haife ni ba. In ya manta suna sai ya tsaya cik a tsakiyar hanya, babura suna kauce mana suna zagi, ba ya motsawa sai ya tuno. Ya ambaci Iya Gambo, ya ambaci uwarta, ya ambaci Mutari, ya ce ai a wurin ya koyi tafiya. Ban katse shi ba, ban kuma goge fuskata ba, hannuna biyu suna riƙe da shi.

Mun iso ƙofar gidansa ya dafa bango yana haki. Na ɗauka ya gama, na ce ya shiga ya sha ruwa. Ya juyo ya dube ni sosai, kamar ranar da ubana ya kawo ni.

"Akwai kai, Isufu," ya ce. "Kai ma kana wurin."